Ina ƙara cin abinci don in yi tsoka, amma sikeli yana nuna kitse yana hawa yana sauka

Assalamu alaikum Malam. Ni saurayi ne ɗan shekara 25 a Kaduna. Tsawona santimita 175, kuma tun ina makaranta siriri ne ni. Wata biyar ke nan da na fara zuwa wurin ɗaga ƙarfe, sau huɗu a mako. Mako goma da suka wuce kocinmu ya ce in dai jiki nake so, to in ci duk abin da ya zo gabana. Yanzu da safe shayi da burodi da ƙwai uku, da rana shinkafa da wake da mai da yaji da lemon kwalba, da la'asar fura da nono da sukari, da dare tuwo da wani lemon, kafin in kwanta kuma in dama hodar ƙara nauyi. Na tashi daga kilo 62 zuwa 67 da rabi. Ƙarfina ya ƙaru, damtsena ya fara cika. Damuwata ita ce sikelin wurin, mai nuna yawan kitse. Da farko ya ce kashi 13 cikin 100, sai 17, sai ya sauko 15, bayan kwana uku kuma ya nuna 19. Wandona ya tashi daga 30 zuwa 32. Ranar da na ga 19 ɗin nan, kwana biyu na yi ba na cin komai sai shayi, ina gudu da yamma. Hajiyata murna take tana ƙara mini tuwo. Wadda zan aura nan da wata huɗu ta ce cikin raha na fara tumbi. Wani abokina kuma ya ce in sayi sha-ka-fashe in huta. In ci gaba ne ko in tsaya?

Wani ɗan'uwa daga Kaduna

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya sanya alheri a auren da ke tafe. Ka kwantar da hankalinka, domin babu abin da ya lalace a jikinka. Abubuwa biyu ne suka cakuɗe maka. Akwai lambar da take tsalle daga 17 zuwa 15 zuwa 19, wadda galibinta ruwan jiki ne, akwai kuma wandon da ya matse, wanda shi gaskiya yake faɗa maka. Na farko ba ya buƙatar komai illa ka fahimce shi. Na biyun yana son gyara kaɗan a kwanon abinci, kuma gyaran bai kai girman da kake tsoro ba.

Mu yi lissafin 15 zuwa 19 ɗin tare. Kashi huɗu cikin ɗari na kilo 67 ya kusa kilo 2.7. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kimanin kalori 7,700 (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki), wato kafin ka tara wannan kitse a kwana uku sai ka ci rarar kalori sama da 20,000 a kan abin da jikinka ya ƙone. Mutum mai girmanka yana ƙone abin da bai wuce 2,200 zuwa 2,500 ba a yini. Ko walima kake bi daga safe har dare ba za ka ci wannan ba. Ashe dai kitsenka bai motsa haka ba, na'urar ce ta motsa.

Wannan sikeli ba ya ganin kitse. Abin da yake yi shi ne, yana tura 'yar wutar lantarki mai rauni ƙwarai, wadda ba a ma jin ta, ta shiga ta ƙafa ɗaya ta fita ta ɗayar, sai ya auna wahalar da ta sha wajen wucewa. Tsoka cike take da ruwa, don haka wuta tana ratsa ta cikin sauƙi, kitse kuwa ruwansa kaɗan ne, yana tare ta. Daga nan sai na'urar ta haɗa wannan da tsawonka da shekarunka da nauyinka ta yi hasashe. Duk abin da ya sauya ruwan jikinka zai sauya amsar. Ranar da ka wuni cikin zafi kana gumi ba ka sha ruwa sosai ba, za ta ce kitsenka ya yi yawa. Da yamma, bayan ka wuni a tsaye ruwa ya taru a ƙafafu, sau da yawa takan nuna ƙasa da abin da ta nuna da safe. Abincin da ka ci, ko ka auna kafin atisaye ko bayansa, har bushewar tafin ƙafa lokacin hunturu, duk suna shiga ciki. Bambancin kashi uku ko huɗu tsakanin awo biyu abu ne da aka saba gani a irin waɗannan na'urori. Kuma ka lura, ba ka gaya mini ko a lokaci ɗaya kake hawa kowane karo ba, ina kuma kyautata zaton ba haka ba ne.

Nauyin kansa ma yana wasa da kilo ɗaya ko biyu tsakanin yau da gobe, musamman ga mai cin abinci da yawa. Sitacin da ke cikin shinkafa da tuwo da burodi, jiki yana mayar da shi sukari ya ajiye wani a tsoka da hanta, abin da masana ke kira gilaikojin. Babban mutum yana iya ajiye giram 400 zuwa 500 a tsoka da kimanin 100 a hanta, kuma kowane giram ɗaya yana riƙe da ruwa wajen giram uku. Da ka ƙara ci, wannan ajiya ta cika, sai kilo ɗaya ko fiye ya bayyana a makon farko ko na biyu ba tare da ɗigon kitse ba. Gishiri ma yana riƙe ruwa. Daren da ka ci tsire ko kilishi ko miyar da ta sha dunƙule, washegari za ka ga sikeli ya hau, fuska da ciki sun ɗan cika, bayan kwana biyu kuma ya koma. Ga abincin da bai gama bin hanji ba. Ga tsokar da ta sha wahalar atisaye, wadda takan ɗan kumbura ta riƙe ruwa yayin da take warkewa. Sannan ka duba jikin robar hodar nan taka, domin wasu suna ɗauke da sinadarin kiriyatin, shi kuma yakan ƙara ruwa kilo ɗaya zuwa biyu a cikin tsoka a makonnin farko. Wannan ruwan ba cuta ba ne, yana ma daga cikin abin da ya sa damtsenka ya cika.

To amma ba zan ce maka duka ruwa ba ne. Kilo biyar da rabi a mako goma ya yi sauri. Idan muka kasa shi bisa hasashe, kilo ɗaya zuwa ɗaya da rabi ruwa ne da ajiyar sukari da abin da ke cikin hanji. Tsoka kuwa, sabon shiga da yake atisaye da kyau yana barci da kyau, abin da ake sa ran ya samu a wata shi ne rabin kilo zuwa kilo ɗaya, don haka a mako goma mu ba ka kilo ɗaya da rabi zuwa biyu. Ragowar kilo biyu zuwa uku kitse ne, kuma a jikin namiji ciki ne wurin da ya fi son zama. Shi ya sa wando ya ƙara inci biyu. Ga wanda ya fara a kilo 62 wannan ba abin tashin hankali ba ne, amma idan nauyin ya ci gaba da hawa da wannan sauri har wata huɗu, to zai zama tumbi na gaske.

Dalilin shi ne jiki yana da iyakar tsokar da zai iya ginawa a yini. Kamar magini ne da yake iya jera bulo ɗari biyu a rana: ko tifa uku aka sauke masa, ɗari biyun zai jera, saura kuma su tsaya jibge a ƙofar gida. Abin da ake nema shi ne rara 'yar kaɗan, kalori 250 zuwa 400 a kan buƙatar yini, yadda nauyi zai riƙa hawa da kashi 0.25 zuwa 0.5 cikin ɗari a mako. A jikinka wannan yana nufin giram 170 zuwa 340 a mako, wato kusan kilo ɗaya a wata. Kai kuwa kana hawa da giram 550 a mako.

Kocinka bai yaudare ka ba. Yawancin siraran samarin da ke zuwa wurinsa matsalarsu rashin ci ce, suna ganin sun ci da yawa alhali ba su ci ba, kuma "ci duk abin da ka samu" yana tayar da su daga inda suka maƙale. Kai ma ya tayar da kai. Sai dai shawara ce ta farkon tafiya, ba ta da birki. Ka je masa cikin girmamawa da alƙalumanka, ka ce ka samu nauyi da ƙarfi amma ƙugu yana gudu, kana so ku sassauta ci ku mayar da hankali kan ƙarfe. Kocin kirki zai ji daɗin ganin ɗalibi yana rubuta abin da yake yi. Idan kuma ya dage sai ka ci gaba da sayen hoda a hannunsa, to ka san inda maganar ta dosa.

Abin da za ka rage bai wuce kalori 300 a yini ba, kuma wuri mafi sauƙi shi ne abin sha. Ƙaramar kwalbar lemo tana da kalori wajen 140 zuwa 150, babbar roba ta rabin lita kuma ta haura 200, kuma babu abin da ke ciki sai sukari. Ka ajiye lemon nan biyu, ka maye gurbinsu da ruwa ko zoɓo marar sukari sosai, gyaran ya kusa kammala. Ka yi mako biyu a haka kafin ka taɓa wani abu. Idan har yanzu hawan ya yi sauri, sai ka koma kan hoda. Ka karanta bayan robar: cikakken awon da yawa daga cikinsu ya haura kalori 1,000, kuma mafi yawansa sitaci ne mai saurin narkewa. Ka raba awon biyu, ko idan ta ƙare kada ka sake saya, domin kuɗinta zai saya maka ƙwai da wake da kifi masu yawa. Daga nan sai mai da sukari. Cokalin cin abinci ɗaya na man gyaɗa ko manja kalori 120 ne, na sukari kuma wajen 50, mai shinkafa kuwa ba da cokali take zubawa ba. Ka ce a rage maka mai, a fura kuma ka zuba sukarin da hannunka. Kada ka cire duka waɗannan a rana ɗaya, don sai ka faɗa ƙasa da buƙatarka, ƙarfinka ya tsaya, ka rasa wanne ne ya yi aiki.

Furotin, wato sinadarin abinci mai gina tsoka, shi ne abin da ba za ka taɓa ba, wataƙila ma ka ƙara. Kana buƙatar giram 1.6 zuwa 2.2 ga kowane kilo na jikinka, wato tsakanin 110 da 145 a yini, a rarrabe cikin ci uku ko huɗu. Ƙwai ɗaya giram shida ne, ukun safe sun ba ka 18. Kofin dafaffen wake yana ba da 13 zuwa 15, kofin nono ko madara wajen takwas, nama ko kaza ko kifi dafaffe mai faɗin tafin hannu, kimanin giram 100, yana ba da 25 zuwa 30. Idan na duba jerin abincinka, daren ne ya fi rauni, domin tuwo da miya da 'yar tsokar nama ɗaya ba su da furotin mai yawa. A nan za ka ƙara kifi, ko awara, ko busasshen kifi a miya, ko alala. Gyaɗa da ƙuli-ƙuli suna da kyau kuma suna da araha, amma cikin hannu ɗaya na gyaɗa, giram 30, yana zuwa da kalori 170 a kan furotin giram bakwai, don haka a ci da lissafi.

Yanzu awo. Ka bar hawa sikelin kitsen nan, ko in ka ga dole ne, sau ɗaya a wata, a rana ɗaya da lokaci ɗaya, kafin atisaye. Ka samu sikelin gida na talakawa, ka ajiye shi a kan siminti ko tayil, ba kan darduma ba. Ka hau da safe bayan ka zaga bayi, kafin ka ci ko ka sha komai, da tufafi marasa nauyi, aƙalla sau huɗu a mako. Ka rubuta kawai ka wuce harkarka. Ƙarshen mako ka haɗa su ka raba da adadinsu, wannan matsakaicin shi ne nauyinka na makon, shi za ka kwatanta da na makon jiya. Sannan ka sayi tef irin na tela, duk ranar Asabar da safe ka auna cikinka daidai cibiya, a tsaye, bayan ka saki numfashi, ba tare da ka janye ciki ko ka matse tef ba. Kada ka auna da dare, domin cikin da ya ɗauki tuwo da fura zai iya fin na safe da santimita biyu ko uku. Ka ƙara da damtse da ƙirji da cinya sau ɗaya a wata.

Bayan mako huɗu, alƙaluman za su gaya maka abin yi. Idan nauyi ya ƙaru da kusan kilo ɗaya, ƙugu bai wuce ƙarin santimita ɗaya ba, ƙarfen da kake ɗagawa kuma yana ƙaruwa, kada ka sauya komai. Idan nauyi ya tsaya cak mako biyu a jere kuma ƙarfi ya tsaya, ka ƙara kalori 150, kamar ƙwai biyu ko kofin nono da ayaba. Idan ƙugu ne ke gudu ƙarfi yana nan inda yake, ka sake rage 150 zuwa 200. Iyakar da nake so ka riƙe ita ce rabin tsawonka, wato santimita 87 da rabi. Awon cibiya bai kamata ya kai nan ba, kuma a yanzu da alama kana ƙasa da shi da tazara.

Rarar abinci ba ta zama tsoka sai ƙarfe ya nemi haka. Ka tabbata kowane sashe na jiki yana samun aiki sau biyu a mako, zagaye goma zuwa ashirin masu wahala a jimilla (zagaye ɗaya shi ne jerin ɗagawar da kake yi kafin ka huta), kuma ƙafa da baya suna samun rabonsu, domin can ne tsoka mafi yawa take, samari kuwa ƙirji da damtse suka fi bautawa. Tsugunno da ƙarfe a kafaɗa, ɗaukar ƙarfe daga ƙasa, turi a kan benci, jan jiki a sanda, su ne ginshiƙi. Ka riƙa tsayawa lokacin da ya rage maka ɗaga ɗaya zuwa uku kafin ka gaza, ka rubuta nauyin da adadin a littafi, kowane mako ko biyu ka ƙara ɗaga ɗaya ko kilo ɗaya zuwa biyu da rabi. Barci awa bakwai zuwa tara. Tafiyar ƙafa ta minti talatin kullum tana da amfani ga zuciya da narkewar abinci kuma ba za ta cinye maka tsoka ba. Atisayen ciki yana ƙarfafa tsokar wurin, amma ba ya ƙone kitsen da ke kanta, kada ka ɓata awa guda a kansa da wannan fata.

Kwana biyun nan da ka yi da shayi kaɗai su ne suka fi tsaya mini a rai. Na san abin da ya jawo: mutum ya yi shekaru ana ce masa siriri, ya sha wahala ya fara ganin haske, sai kuma wata lamba ta ce masa ya ɓata. Amma yunwar kwana biyu ajiyar sukari da ruwa take zubarwa, sikeli ya sauka, ka koma ci ya dawo, kai kuma ka ga kamar kitse ne ya sake hawa. Haka mutum yake shiga zagayen cika ciki da horar da kai da yunwa. Idan ka lura lamba ce take yanke maka ko za ka ci abinci yau, ko kana jin laifi bayan kowane ci, ka ɗauke sikelin na wata guda ka bar tef kawai, ka kuma gaya wa wani da ka yarda da shi ko likita. Wannan ba abin kunya ba ne, yana samun maza kamar yadda yake samun mata.

Hajiya kuwa, uwa ce da ta daɗe tana kallon ɗanta ba auki, yau ta ga ya murmure. Kada ka mayar mata da kwano, kada kuma ka tsaya yi mata bayanin kalori. Ka ce, "Hajiya, malmala biyu ta ishe ni, amma a ƙara mini wake ko kifi." Ka ba ta hanyar da za ta ci gaba da ciyar da kai, in da hali ka riƙa kawo kifin ko ƙwan da kanka. Ita kuma amaryarka, kai da kanka ka ce cikin raha ta faɗa, kuma mai yiwuwa ba ta san maganar ta zauna maka ba. Ka gaya mata abin da kake ƙoƙarin yi da yadda ka ji, cikin sakin fuska. Nan gaba ita za ta riƙe tukunyar gidanka, gara ta san tsarin tun yanzu.

Shawarar abokinka ce kaɗai zan ce ka watsar gaba ɗaya. Abin da ake sayarwa da sunan sha-ka-fashe yawanci deksametason ne, ko maganin da ke buɗe ciki ya sa barci, ko haɗin su biyun. Deksametason magani ne na gaske da likitoci ke bayarwa don wasu cututtuka, amma shan sa na tsawon lokaci yana kumbura fuska, yana tara kitse a ciki da bayan wuya, yana kuma zaizaye tsokar hannu da cinya, wato akasin abin da kake nema. Yana ɗaga sukari da hawan jini, yana raunana ƙashi da garkuwar jiki. Idan abokin naka yana sha har ya kai makonni, ka gaya masa kada ya daina rana ɗaya, domin hakan yana da haɗari, ya je asibiti a rage masa sannu a hankali. Haka ma allurai da ƙwayoyin da wasu ke raɗa wa juna a wuraren ɗaga ƙarfe, suna taɓa hanta da zuciya, suna kuma rage maniyyi, abin da ya kamata mai shirin aure ya sani.

Game da biki, kana da kusan mako 17, kuma hanya biyu ce a gabanka. Ta farko, wadda na fi so maka, ka yi mako goma kana hawa a hankali kamar yadda na bayyana, sannan ka duba tef da madubi. Idan cikin bai yi maka ba, ka yi mako huɗu zuwa biyar kana cin ƙasa da buƙatarka da kalori 400 zuwa 500, furotin da ƙarfe suna nan yadda suke, za ka sauke kimanin kilo biyu. Makonni biyu ko uku na ƙarshe ka ci daidai buƙata, kuma a farkonsu ne ya dace tela ya tabbatar da awon wando. Ta biyu, idan cikin yana hana ka sakewa tun yanzu, ka tsayar da nauyinka a 67 na tsawon wata ɗaya ko biyu. Da yake sabo ne kai a ƙarfe, jikinka zai iya ci gaba da ƙara tsoka ko da sikeli bai motsa ba, ƙugu kuma ya ɗan ja baya, sai dai tafiyar ta fi jinkiri.

Akwai alamun da ba na abinci ba ne, su asibiti suke so. Kumburin ƙafa da idan ka danna da yatsa ramin yake tsayawa, kumburin ido da fuska kowace safiya, fitsari mai kumfa da ba ya bajewa, ƙarin kilo biyu ko fiye cikin 'yan kwanaki tare da haki, ko ƙishirwa da yawan fitsari da dare. Idan akwai ciwon sukari ko hawan jini ko ciwon ƙoda a danginku, ka auna jini da sukari yanzu, ka kuma tambayi likita kafin ka ci gaba da hoda ko kiriyatin. Tunda dama za ku je gwajin kafin aure, ka roƙi a haɗa maka da waɗannan a rana ɗaya.